Nana Asma'u 'Yar Shehu da Ƙungiyar 'Yan Taru

Mu mutanen Bauchi kowa ya san Malam Yakubu ya yi karatu wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel, daga baya ya karɓo tuta ya kafa wannan gari namu. To, a wannan gida da Yakubu ya ɗebo ilmi aka haifi wata yarinya wadda ya kamata duk mai koyon aikin malanta ya san labarinta. Ita ce Nana Asma'u.

An haife ta a Degel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai sa mata Husaina ba, sai ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Uwarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. A gidan nan kuwa ba a bambanta ɗa da 'ya wajen karatu, har ma Shehu ya yi rubutu yana zargin malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Saboda haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Ta ga yunwa da tafiyar ƙafa da mutuwar dangi a shekarun jihadi. Bayan haka aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817 ta yi ɗawainiyar tattara littattafansa, ta kuma yi nata rubutun. Ayyukanta da suka iso hannunmu sun fi sittin, cikinsu har da Waƙar Gewaye, wadda ke ba da tarihin yaƙe-yaƙen jihadi.

Amma babban aikinta wani ne dabam. Sa'ad da ƙura ta lafa, ƙauyuka sun cika da matan da yaƙi ya raba da gidajensu, ba su san salla ba, ba su san tsarki ba, in ciwo ya kama su sai su nufi 'yan bori. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta zo birni neman karatu. Asma'u ta ga in an ce sai sun zo, to, har abada ba za su samu ba. Sai ta yi dabara, ta kafa ƙungiyar da ake kira 'Yan Taru, watau masu taruwa.

Ga yadda aka tsara ta. A kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai mutunci wadda aka amince da ita, a naɗa ta jaji. Asma'u da kanta ke ba ta malafa da jan rawani, irin alamar da Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa a dā. Ashe ta karɓe alamar ce ta mayar da ita ta ilmi, domin duk wanda ya hango malafa ya san shugaba ce tafe, ya ba ta hanya. Jaji takan kwaso 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba da tsofaffi waɗanda suka gama renon 'ya'ya, su tako da ƙafa har gidan Asma'u. Can za ta koya musu darasi cikin waƙa, don waƙa ta fi zama a ka. Su haddace, su koma gida, su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba.

Darasin bai tsaya kan salla da azumi kaɗai ba. Ana koya musu gaskiya da haƙuri da riƙon amana, da jinyar marar lafiya, da wankan gawa, da sasanta maƙwabta. Sukan zo mata da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuwa ta rarraba wa gajiyayyu. Zumuncin da ke tsakaninsu ba na baki ba ne: da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiya kamar yadda ta yi wa manyan gidansu.

Allah ya yi mata rasuwa cikin 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Ƙungiyar ba ta mutu da ita ba, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙonta, har ta kai zamanin Turawa ta wuce.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman mata, mu ma in mun gama za a rarraba mu ƙauyuka, inda za mu tarar da 'yan matan da iyayensu ba su yarda su zo makaranta ba. Kada mu zauna cikin aji muna jiran su. Mu nemi uwayensu, mu riƙi juna da wasiƙa da ziyara, wanda ya sani ya koya wa wanda bai sani ba. Allah ya ji ƙan Nana Asma'u, ya ba mu ikon koyi da ita, amin.