Josiah Wedgwood, maginin tukwanen da ya auna zafin wuta da yumɓu

An haifi Josiah Wedgwood a 1730 a garin Burslem na ƙasar Ingila, a gidan magina tukwane. Cutar agana ta lalata masa gwiwa tun yana yaro, har aka yanke ƙafar a 1768. Duk da haka masana'antar da ya buɗe a 1759 ta bunƙasa, har sarauniya Charlotte ta riƙa sayen kayansa.

Babbar damuwarsa ita ce wuta. A zamanin, da ido ake ƙiyasta zafin tanderu. In an kuskure, kaya su lalace, jari ya salwanta. Mun san yadda irin wannan asara ke karya ɗan kasuwa.

Wedgwood ya lura cewa yumɓu na motsewa gwargwadon zafin da ya sha. Sai ya riƙa saka ƴan gutsattsarinsa masu girma ɗaya cikin tanderu, in sun huce ya auna motsewarsu. A 1782 ya gabatar da dabarar ga ƙungiyar masana ta Royal Society, a 1783 ta ɗauke shi mamba. Daga baya an gano alƙalumansa sun zarce ainihin zafin, amma ya nuna wa masana'antu hanya. Ya rasu a 1795.