Gimbiya Diana: Ta Taka Filin Nakiya Domin Manoma Su Koma Gona

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar Gimbiya Diana ta Ingila. An haife ta ran 1 ga Yuli 1961 a Sandringham. A 1981 ta auri Yarima Charles, suka haifi 'ya'ya biyu, William da Harry. Auren bai yi daɗi ba, ya mutu a 1996. Ba mu ce ita waliyyiya ce ba, amma baƙin cikin gidanta bai rufe mata ido ga wahalar wasu ba.

Mu a Arewa mun san ta. A Maris 1990 ta zo Nijeriya, ta je asibitin kutare na Molai kusa da Maiduguri, ta gaisa da majinyata hannu da hannu. Ta kuma zama uwar ƙungiyar Kirista mai kula da kutare, The Leprosy Mission.

A Janairu 1997 ta tafi Angola tare da ƙungiyar Red Cross. Yaƙin basasa ya bar ƙasar cike da nakiyoyi binne a gonaki da hanyoyi. Nakiya ba ta san an yi sulhu ba. Tana nan kwance shekara da shekaru, sai manomi ko yaro ya taka ta. A garin Huambo, Diana ta sa rigar kariya, ta bi ta filin da ma'aikatan HALO Trust suke tonon nakiyoyi, ta kuma zauna da yaran da suka rasa ƙafa. Wasu 'yan siyasar Ingila suka zarge ta da shisshigi, ba ta fasa ba. A Agusta ta je Bosniya kan wannan magana.

Ran 31 ga Agusta 1997 ta rasu a haɗarin mota a Faris, tana da shekara 36. A Disamba na shekarar, ƙasashe 122 suka sa hannu a Ottawa kan yarjejeniyar haramta irin waɗannan nakiyoyi. Nijeriya ta shiga a 2001. Da Harry ya je Huambo a 2019, wurin da uwarsa ta taka ya zama titi mai gidaje da shaguna.

Abin ya iso ƙofarmu. A Borno, Yobe da Adamawa, bama-baman da aka binne sun hallaka manoma da yawa. Mu a Maradun, Bakura da Talata Mafara, da noma muke ci. Fastoci da malaman makarantar Lahadi, ku koya wa yara: in sun ga baƙon ƙarfe a gona ko a hanya, kada su taɓa, kada su kai wa 'yan gwangwani. Su koma ta sawun da suka zo, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro.

Basamariyen nan na Luka 10 bai ratse ya wuce ba. Ubangiji ya ba mu irin zuciyarsa. Amin.