Angus Buchanan (1886–1954): Mafaraucin Malam-buɗe-littafi

An haifi Angus Buchanan a tsibiran Orkney na Sikotilan a 1886. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Lord Rothschild ya turo shi tattaro halittun ƙasar Hausa da Azbin. A ƙarshen 1919 ya yada zango a Fanisau, kusa da Kano, sannan ya ratsa Damagaram da Damargu har Azbin, yana farautar tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, barorinsa suna taya shi. A 1921 Rothschild ya bayyana ƙwarin a mujallar Novitates Zoologicae. Buchanan ya rasu a 1954. Har yau ƙwarin suna ajiye a Ingila. Duk manazarcin da ke son kwatanta na jiya da na yau, sai ya nufi can.