Rabaran Martin Luther King: Makiyayin da Ya Fita Titi da Garkensa

An haifi Martin Luther King a birnin Atlanta na ƙasar Amurka ranar 15 ga Janairu, 1929. Mahaifinsa fasto ne a Ikkilisiyar Baftis ta Ebenezer. Ya tashi a zamanin da dokokin kudancin ƙasar suka raba baƙar fata da farar fata a makaranta, da asibiti, da motar haya. Bayan karatun tauhidi ya auri Coretta Scott a 1953, Ubangiji kuwa ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1954 ya karɓi kiwon wata ikkilisiya a Montgomery, jihar Alabama.

A watan Disamba 1955 'yan sandan garin suka kama Rosa Parks domin ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. Baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin har kwana 381, King ne jagoransu. Ana cikin haka aka jefa bom a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki, amma Allah ya tsare su. Jama'a suka taru a fusace, wasu riƙe da makamai. Ya roƙe su su koma gida, kada su rama mugunta da mugunta. A kan wannan koyarwa ta Yesu ya tsaya har ƙarshen ransa.

A 1963, a Birmingham, aka kulle shi a kurkuku, daga baya 'yan sanda suka saki karnuka a kan masu jerin gwano, har da yara. Ranar 28 ga Agusta na shekarar, mutane kusan 250,000 suka taru a Washinton suna neman aikin yi, da kawar da wariya, da kariya daga cin zalin 'yan sanda. A 1964 aka kafa dokar da ta haramta wariyar launin fata.

Saura maganar ƙuri'a. A gundumar da garin Selma yake, baƙaƙen fata kusan 15,000 sun isa zaɓe, amma waɗanda ke da rajista ba su wuce 300 da 'yan kai ba, gama ana tare su da jarrabawar karatu da barazana. A Fabrairu 1965 wani ɗan sandan jiha ya harbe Jimmie Lee Jackson, dikon a ikkilisiyarsa. Ranar 7 ga Maris aka bi mutane kusan 600 da kulki da barkonon tsohuwa a kan gadar Selma. King ya kira fastoci daga ko'ina a ƙasar. Daga 21 zuwa 25 ga Maris suka taka kilomita 87 zuwa Montgomery, suna addu'a da waƙoƙin yabo. Ranar 6 ga Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe.

An harbe King a Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968, inda ya je goyon bayan masu kwashe shara da ke yajin aiki. Yana da shekara 39. Kabarinsa yana Atlanta, kusa da majami'ar da mahaifinsa ya yi hidima. Ya bar wa masu bi gurbi: su ƙi zalunci a fili, ba tare da sun ƙi azzalumin ba.