Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, duk wanda ya taɓa bin hanyar Jaba zuwa Sakkwato a mota ya ratsa Kontagora. To, yau ga tarihin sarkin da ya sa sunan garin ya kai har Ingila.

Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse ne, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Uban shi ya kafa Kontagora a 1864. Ibrahim ya hau gadon Sarkin Sudan a 1880, bayan ɗan'uwansa Modibbo, ya shekara ashirin yana kai hari ƙasashen Gwari da Kambari da Yawuri. Maroƙa sun yabe shi da jarumtaka, amma garuruwa da yawa sun zama kufai, an kwashe mutanensu bayi, kuma jikokinsu ba su manta ba.

A watan Janairu na 1901 Gwamna Lugga ya tura Kanar Kemball da sojoji. Dawaki suka kara da bindiga mai ruwa, garin ya faɗi, Ibrahim ya yi arewa. Aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka kai shi Lakwaja, daga nan Yola.

A nan ne azurfa ta shigo cikin labarin. Sarakunan Rum na dā, in sun ci wata ƙasa da yaƙi, sukan buga kuɗin azurfa don talakawa su riƙa ganin nasarar a tafin hannunsu. Agustas ya buga irinsu ɗauke da hoton kada bayan ya cinye Masar. Turawan Ingila sun gaji wannan al'ada, sai dai su a ƙirji suke ratayawa. A 1902 suka fito da lambar azurfa mai kan Sarki Edward na Bakwai, da ɗan ƙarfe mai sunan Nijeriya ta Arewa, suka raba wa waɗanda suka yi yaƙin Bida da Kontagora da Yola. Sojojin nan kuwa galibinsu Hausawa ne da Yarbawa.

Abin mamaki, tun lambar ba ta dushe ba, a 1903, Turawa suka mayar da Ibrahim kan gadonsa, don sun rasa wanda zai riƙe musu ƙasar. Ya ƙara shekara 26 yana sarauta, ya rasu a 1929, ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi.