Henrik Ibsen: Ɗan Attajirin Da Bashi Ya Karya

Yau za mu leƙa ƙasar Norwe, can arewacin Turai, mu kawo muku tarihin Henrik Ibsen, marubucin shahararren wasan kwaikwayon nan mai suna Gidan Ƴar Tsana. Mun zaɓo shi ne domin zancensa na bashi ne da aure, abin da duk mai kasa kaya a kasuwa, daga Madarumfa har Maraɗi, ya san zafinsa.

An haifi Ibsen ran 20 ga Maris 1828 a garin Skien. Mahaifinsa babban ɗan kasuwa ne, amma yaron yana da shekara 7 karayar arziki ta same su, suka bar gari suka koma gona. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Grimstad koyon aiki a kantin magani. A 1851 ya samu aiki a gidan wasan kwaikwayo na Bergen, a 1858 kuma ya auri Suzannah Thoresen. Talauci da bashi ba su sake shi ba, har a 1864 ya bar ƙasar, ya yi shekara 27 tsakanin Italiya da Jamus, inda ya yi suna.

Abin da ya haifar da wasan ya faru da gaske. Wata marubuciya da ya sani, Laura Kieler, mijinta ya kamu da tarin fuka, sai ta ciyo bashi a ɓoye ta kai shi Italiya jinya. Da biya ya gagara, ta yi takardar kuɗi ta jabu. Da asiri ya tonu, mijin da ta ceta ya juya mata baya, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali.

A 1879 Ibsen ya rubuta wasansa, aka fara nuna shi ran 21 ga Disamba a birnin Kofanhagan na Danmak. Labarin duka cikin kwanakin Kirsimeti yake. Nora, uwar ƴaƴa 3, ta ciyo bashi don ceton ran mijinta, kuma da yake doka ta hana matar aure rance sai da yardar miji, ta kwaikwayi sa hannun mahaifinta. Ta yi shekaru tana tsimi daga kuɗin tufafinta, tana aikin kwafar takardu da dare, tana biya. Ranar da mijin ya sani, sunansa kawai ya dame shi, bai ga wahalarta ba. Nan ta gane cewa shekara 8 tana zaune kamar ƴar tsana, sai ta ajiye zobe ta fita.

Wannan fita ta tada ƙura a Turai. A Jamus wata ƴar wasa ta ƙi fitowa a matsayin uwar da ta bar ƴaƴanta, dole Ibsen ya rubuta wani ƙarshen a 1880, ba da son ransa ba. A 1884 ya sa hannu tare da wasu marubuta a takardar neman a bar wa matar aure dukiyarta, a 1888 kuma Norwe ta gyara dokar. Mu kam tun tuni Musulunci ya ce dukiyar mace tata ce.

Ibsen ya koma gida a 1891. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi daga 1900, ya rasu ran 23 ga Mayu 1906 a birnin da yau ake kira Oslo. A 2001 hukumar UNESCO ta sa rubutun hannunsa na wasan cikin kayan tarihin duniya.

To jama'a, ba muna cewa mace ta bar ɗakinta ba ne. Amma mata nawa muka sani da ke kwashe adashi su sayi magani, ko su karya jari su cika rumbu, ba tare da an ce musu sannu ba? Maigida, wadda ta iya riƙe bashi ta biya, ta isa a zauna da ita a yi shawara. Uwargida, ke ma ɓoye bashi ba ya ƙarewa da daɗi. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.