Abdullahi ɗan Salam, Malamin Attaura na Madina

 Duk sa'ad da watan Cika-ciki ya kama, akan tambaye mu a nan Cadawa asalin azumin Ashura. Amsar tana kai mu ga Yahudawan Madina da babban malaminsu, Abdullahi ɗan Salam, Allah Ya yarda da shi.

Sunansa na farko Husaini, ƙabilarsa Banu Ƙainuƙa'a, daga zuriyar Annabi Yusufu. Ya tashi cikin mutane masu tsare Asabar: daga faɗuwar rana ran Juma'a ba hura wuta, ba ciniki, ba aiki, sai taurarin daren Lahadi sun fito. Suna azumtar ranar goma ga watansu na Tishri, ranar neman gafara da suke kira Kippur, dare da yini ba ci ba sha. Har yau da busa ƙahon rago suke rufe ta. An ma ambaci ƙahon nan lokacin da Sahabbai ke shawarar abin da zai tara jama'a masallaci, kafin a tsayar da kiran salla.

Da Manzon Allah ya yi hijira a shekarar 622, ya tarar da Yahudawa suna azumtar Ashura don godiya ga tsirar Annabi Musa daga Fir'auna. Ya azumce ta, ya umarci Musulmi da ita, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Husaini kuwa ya zo ya dubi fuskar Manzo, ya gane ba fuskar maƙaryaci ba ce. Ya yi masa tambayoyi uku, ya musulunta, Manzo ya sa masa suna Abdullahi.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Manyan ƙabilarsa da suka yabe shi a gaban Manzo, nan take suka juya masa baya da suka ji ya musulunta. Wasu masu tafsiri sun ce barin girmama Asabar da cin naman raƙumi sun yi masa nauyi, shi da abokansa, har aya ta 208 cikin Suratul Baƙara ta sauka a kansu. Ba mu ganin aibi a nan. Wanda ya taɓa barin al'adar gidan ubansa ya san nauyinta.

Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya ruwaito cewa Manzo ya yi masa bushara da Aljanna. Ya gargaɗi masu tawaye kada su zubar da jinin Halifa Usmanu, ba su saurare shi ba. Ya rasu a Madina shekara ta 43 bayan hijira.